Masu Haɗa Kwaɗon Salak a Birnin Kano da Ire-irensu

Kwaɗon salak ganye ne da mahaɗi. Ganyen ba ya jawo gardama: latas ne da albasa da tumatir, a ƙara gurji ko kokwamba, wani lokaci lansir ko kabeji da karas. Duk wanda ya je Kasuwar Rimi ko ya yi sammakon 'Yankaba zai samo irin na maƙwabcinsa. Mahaɗin ne ke raba gida da gida. A cikin ganuwar Kano mahaɗi mai kauri iri biyu ne. Na farko kwaɓin ƙuli-ƙuli: a daka ƙarago ya yi laushi, a tankaɗe, a sa gishiri da dunƙule da barkono, a yayyafa ruwa kaɗan, a bi da man gyaɗa, a matse lemon tsami, a juya har ya kama jikinsa. Na biyu shi ne farin nan na kwalba da kowa ke kira Bama ko da wane kamfani ne ya yi shi, wanda masu ƙarfin hali ke haɗa nasu a gida da gwaiduwar ƙwai da mai da ruwan khal.

Aikin da ake yi a kwanukan biyu ɗaya ne. Mai da ruwa ba sa ga-maciji, sai an samu mai shiga tsakani, kamar dattijon unguwa da ke zaunar da 'yan'uwa a kan rabon gado. A farin mahaɗi gwaiduwa ce dattijon, saboda sinadarin lesitin da ke cikinta, wanda gefensa ɗaya ke kama mai, ɗayan ya kama ruwa. A kwaɓin gargajiya kuwa garin ƙuli ne ke shan ruwan ya riƙe man. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne. Mata kan soya ta, a niƙa, a yi ta murzawa da ruwan zafi har man ya fito, abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya ta zama ƙuli. Ke nan mai kwaɗo mayar wa ƙuli take yi da man da aka sha wahala aka raba shi da shi. Gyaɗa ta wadata a birnin tun bayan da jirgin ƙasa ya fara jigilarta a 1912, zamanin da ya kai ga dalar gyaɗa da su Alhassan Ɗantata. Shekara biyu bayan haka, a 1914, kamfanin Heinz ya fito da nasa farin mahaɗin salak a Ingila. Kafin kwalbarsa ta shigo lungunan birni, turmin ƙuli ya riga ya tsufa.

Masu wannan aiki sun kasu iri-iri, kuma ana gane kowa tun kafin a kai loma.

Ta kan gaba a shekaru da iko ita ce tsohuwa mai turmi. Ana samunta a tsofaffin gidajen Yakasai da Madabo da Mandawari, inda sai an wuce zaure biyu ko uku kafin a ga tsakar gida. Ba ta awo. In aka tambaye ta yawan gishirin da za a zuba, sai ta ce "daidai". In aka ce daidai nawa, sai ta ce "Ke 'yar nan, ba ki da ido ne?" Cizo ɗaya take yi wa ƙuli ta faɗi ko na jiya ne ko ya kwana bakwai, ko an sa masa sukari, wanda a wurinta na tauna ne a makaranta, bai cancanci kwano ba. Ba ta yarda da injin markaɗe ba, tana cewa ƙarfe na kashe ɗanɗano. Sai dai rabonta da riƙe taɓarya an daɗe, jikoki ke dakan, ita tana ɗaki a kan buzu tana sauraro, can sai a ji ta ce "Bai yi ba, ina jin tsaki-tsaki." Shi kansa latas baƙo take ɗaukarsa, ganyen da ba a dafawa, abincin zomo. Kwaɗon ƙwarai a wurinta na zogale ne da rama, waɗanda ake tafasawa a matse. Abin da ya fi ɓata wa surukanta rai shi ne, in an ɗanɗana, yawanci ita ce da gaskiya.

Kishiyar wannan a ɗabi'a ita ce amarya mai waya. Kayan ɗakinta sabbi ne, har da injin markaɗen da aka sayo a Sabon Gari ba a cire masa leda ba. Ta kalli bidiyon minti ɗaya inda wata mata ta fasa ƙwai, ta zuba mai, farin mahaɗi ya fito sumul. Abin da bidiyon ya yanke shi ne sirrin aikin gaba ɗaya: man ɗigo-ɗigo ake fara zuba shi ana bugawa, sai ya fara kauri sannan a riƙa tsiyayawa siriri. Gwaiduwa ɗaya na iya riƙe kusan kofi guda na mai, amma a hankali, domin sai an farfasa man ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani kafin ta lulluɓe kowane. Amarya takan juye rabin kwalba lokaci guda. In ta yi sa'a ta bi ƙa'ida, to a daidai lokacin da abin ya fara kamawa ake ɗauke wuta. Sakamakon ɗaya ne: ya tsinke, mai a sama, ƙwai a ƙasa. Gyaransa ba wuya: a samu kwano mai tsabta, a fasa sabuwar gwaiduwa, a riƙa ƙara tsinkakken cokali-cokali ana bugawa da maburgi, zai dawo. Amarya ba ta san wannan ba, tunda bidiyon ya ƙare. Takan tuttular da shi a kwata, ta aiki almajirin gidan ya sayo na leda a kantin bakin layi, ta matse a kwanon tangaran. Ango ya ci ya ce "Kai, wannan ai ya fi na kanti." Ita kuma ta sunkuyar da kai don kunya.

Akwai wasu biyu da ya kamata a ambata tare, don sau da yawa uwa ɗaya ta haife su. Mai tsimi kwalba ɗaya ke kai ta daga ƙaramar Salla zuwa babba. Tana tsoma bakin cokali ta shafa wa ganye, wanda ya ci ya ji labarin Bama daga nesa. In kwalbar ta ƙare ba ta ƙare ba: a zuba ruwan ɗumi a girgiza, a samu na kwana biyu, daga nan ta koma gidan daddawa ko yaji. In ƙuli ne, nata kwaɓin ruwa-ruwa ne, yana gudu zuwa gindin faranti ya bar ganyen tsirara. 'Yar'uwarta mai ɓarna kuwa a gidan biki take nuna kanta. A tire ɗaya za a tarar da dafaffen ƙwai da waken gwangwani da kifin gwangwani da dankalin Jos da taliya, an malale su da Bama, an bi da madarar ruwa, wani lokaci har da sukari. Mai neman latas a ciki sai ya yi tono. Da yake tun hantsi take haɗawa ana jiran dangin ango da ba sa zuwa sai bayan la'asar, abin da ake ɗibar wa baƙi miya ce mai launin toka. Gishiri da tsami na janyo ruwan da ke cikin ganye, shi ya sa ba a haɗa salak da mahaɗinsa sai za a ci.

Maigida mai sharhi bai taɓa daka ƙuli ba, bai san inda ake ajiye rariya ba, amma ya je Umara, ya ci salak a Jidda, kuma tun daga lokacin ba a sake yin wanda ya kai wancan ba. Yakan ɗaga ganye da cokali ya duba ƙarƙashinsa, ya ce "Hajiya, a can man zaitun suke sawa." In an sayo man zaitun aka sa, ya ce yana ɗaci. Wani reshe na wannan iri shi ne Alhajin da likita ya ce ya rage tuwo da nama ya yawaita ganye saboda hawan jini ko sukari. Ya bi umarni sau da ƙafa: kullum da dare faranti guda na latas, a kai kuma cokali biyar na Bama. Farin mahaɗi yawancinsa mai ne; a dokar Amurka ma ba a ba shi sunansa sai man da ke ciki ya kai kashi 65 cikin 100, kuma babban cokali ɗaya na ɗauke da kalori 90 zuwa 100. Bayan wata uku Alhaji ya hau sikeli, ya sauko yana cewa likitocin zamani ba su san aiki ba.

Mai wanki ta fi kowa hujja. Yawanci malamar asibiti ce ko ta makaranta, ko wadda taifot ya taɓa kwantar da ita. Ta san cewa latas ɗanye ake ci, kuma ba duk lambu ne ke shan ruwan madatsar Tiga kamar na Kadawa da Kura ba. Ƙoramar Jakara, da ta ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi tana kwasar ruwan kwatoci, da ita wasu manoman rani ke ban-ruwa a can gaba wajen Kwakwaci. Don haka wanke ganye ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta, a jiƙa shi ɗan lokaci da gishiri ko ruwan khal, a ɗauraye, wajibi ne. Tsoronta na ɗanyen ƙwai ma a kan hanya yake: a bazarar Kano, da zafi ke haura digiri 40 ga firji ba wuta, mahaɗin da aka yi da ɗanyar gwaiduwa na ranar ne kawai. Inda take wuce gona da iri shi ne ba ta san an gama ba. Takan wanke sau bakwai, ta bar shi cikin ruwan gishiri har a idar da azahar, ta fito da ganyen da ya sallama. Sannan ta zuba mahaɗi bai tsane ba, alhali mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye. Iyalinta ba sa ciwon ciki, ba sa kuma neman ƙari.

Mai ɗanɗanawa ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙanwar miji ce ko maƙwabciya da ta shigo aron wuta. "Yaya, kawo in ji gishirin." Sau huɗu take jin gishirin. A watan azumi kaɗai ake samun sauƙinta, shi ma zuwa magariba.

Mai sirri a gidan mata biyu ko uku ta fi yawa. Ranar girkinta takan ja labulen kicin, ta kori yara, ta fito da wani ƙulli daga ƙasan adaka. Abokan zamanta sun yi zargin malami, sun yi zargin turare. In aka bincika, sirrin bai wuce abu ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ba: cokalin kindirmo da ke ƙara kauri da ɗan tsami, ko gwaiduwar dafaffen ƙwai da aka murje cikin mai, ko ƙwayar tafarnuwa, ko soyayyen riɗi da aka niƙa, wanda Kwarori suka daɗe suna yin nasu mahaɗin da shi, ga shi kuma buhu-buhu a Dawanau. Duk unguwar ta san sirrin, domin yaron da ake aike shi ke faɗa. Ana ƙyale ta ne kawai don a zauna lafiya.

Tuzuru mai kwana a shago ba shi da turmi, ba shi da rariya, ba shi da maburgi. Yakan sayi ƙuli a bakin masallaci, ya ƙulle a leda biyu, ya nemi dutse ko gindin kwalba ya bubbuga a dokin ƙofa. Latas ɗin mai kayan miya ne ya yanka masa, wankin kuwa ledar ruwa ɗaya ce. Ya juye komai a kan garau-garau, ya tsiyaya mai, ya barbaɗa yaji, ya gauraya da hannu, abokai uku su kewaye robar. Garin bai yi laushi ba, haƙori na gamuwa da ɓarɓashi, amma ba a taɓa jin an yi ƙorafi a majalisar ba, kuma ba a taɓa ragewa ba. In ya yi aure, shi ne ke zama maigida mai sharhi.

Ta ƙarshe ita ce mai sana'a, matar da ke cikin gida a Jakara ko Koki ko Gwale, wadda ba a ganinta sai dai a ga tirenta a kan yarinya, ko a aiko yaro da kwano. Da hunturu, lokacin da latas da lansir ke araha, takan yi na salak. In bazara ta matso ganye ya yi tsada ya fara ɗaci, ta koma zogale da rama, ko ta jiƙa gurasa ta yi bandashe da garin ƙulin nan dai. Ita ma ba ta da ma'auni na kanti, amma tana da awo: murfin kwalba na mai, ƙaramin ludayi na gari, yatsa uku na gishiri, kullum haka, don in ta ƙara ta faɗi, in ta rage ciniki ya koma gidan gaba. Tana tsane ganye a kwando, tana ajiye kwaɓi daban, ba ta haɗawa sai mai saye ya tsaya. Ba ta karanta labarin lesitin ba, ba ta je Jidda ba, ba ta da ƙulli a adaka. Tsohuwa mai turmi takan aika a sayo mata a ɓoye, ta ci, ta ce barkonon ya yi yawa. Amarya kan sayo ta juye a tangaran. A duk cikin ire-iren nan, ita kaɗai ce ake ba kuɗi don a ci kwaɗonta.