Ram Ɗin Araha: Takarda Zuwa Ga Bawana Na Rimin Gado

Bawana Bakano, ba sai ka taso ba, gaishe ni daga nan inda kake durƙushe. Labari ya riga ka isowa Zariya cewa kwamfutar shagonka ta yi yaji. Fanka na juyawa, fitila na ƙyaftawa, allo baƙi ƙirin, 'yan makaranta daga Gulu da Karofin Yashi sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna jiran a buga musu takardar jarrabawa, kai kuwa ka tattare babbar riga kana zagaya tebur kana salati. An ce janareta ka fara zargi. Da aka kashe shi aka sake tayarwa ba ta farfaɗo ba, sai ka koma kan yaron shago. Daga shi sai mai shagon da ke fuskantar naka, wanda ka ce tun ranar da ka sayi injin hoto yake maka kallon hadarin kaji. Har garwashi aka ce an kawo an yi wa na'ura hayaƙi. Kowa ya sha zargi a Rimin Gado, ban da mutumin da ya je birni ya sayo ram ɗin araha.

Da abin ya ci tura sai ga hoto a wayata, ba ko sallama. Ban yi mamaki ba, haka aka saba tun kaka da kakanni: Bakano ya yi ciniki, Bazazzagi ya karanta masa abin da ya saya. Ko jami'ar nan da kake wucewa a titin Gwarzo kana nuna wa baƙi da alfahari, a da kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Mu muka yaye ta. Saboda haka zauna, ka ajiye carbi, a yi maka karatu.

Kwamfutar nan ba shiru ta yi ba. Ka ce da ka danna sai ta yi ƙara sau biyar, jar fitila ta ƙyafta sau biyar, ta huta, ta maimaita. Kai ka ɗauka kukan mutuwa ne. Magana take yi maka. Duk kwamfuta, kafin ta nuna ko da harafi ɗaya a allo, sai ta laluba kayan cikinta: furosesa na nan? ram na nan, kuma ina iya aiki da shi? ɓangaren hoto fa? In ta tarar da cikas kafin allo ya kama, ba ta da bakin faɗa sai ƙara da fitila. A tsofaffin HP na ofis irin taka, biyar ɗin nan na nufin ram. Kowane kamfani da nasa lissafin. Wasu tsofaffin Dell ma fitilu huɗu ne masu lamba 1 zuwa 4 a gabansu, wanda ya kama da wanda bai kama ba shi ne saƙon. Taka dai ta faɗi mai laifi tun a daƙiƙar farko. Kai ne kana can kana hura garwashi.

Ram shi ne wurin da kwamfuta ke baje aikin da ke hannunta a wannan lokaci, in an kashe ta komai ya watse. In ya yi kaɗan sai ta dinga nauyi, kuma na yarda giga 4 ya yi wa shago irin naka kaɗan, mai buɗe shafuka goma a intanet ga bugu ga hoto. Niyyarka ta ƙari daidai ce. Wurin saye ne Kananci ya motsa. An ce mai shagon farko ya faɗi kuɗin giga 8, ka ce albarka da kanka kamar kai ne mai kayan, ka fita. Ka yi ta ratsa shaguna har ka samu wani ya ciro maka ɗaya daga kwali a kusan rabin wancan kuɗi. Ka dawo gida ta Janguza kana murmushi, ka tara mutane a majalisa kana ba su labarin yadda ka kayar da ɗan birni.

To ɗauko shi ka duba 'yar farar takardar da ke manne a jikinsa, wadda ka turo mini. An rubuta PC3-10600R. Yanzu ciro tsohon da ya zo da na'urar. Nasa na ƙarewa da U. Harafi ɗaya ke nan, kuma shi ne dukan rigimar. Mai U shi ne na kwamfutar tebur. Mai R na saba ne, wato manyan kwamfutocin da ke jere a ɗakunan sanyi na bankuna da kamfanonin waya, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Kifa shi a tafin hannunka, za ka ga wani ɗan guntu a tsakiya wanda ya bambanta da sauran baƙaƙen da ke jere. Aikinsa shi ne karɓar umarni daga furosesa ya rarraba wa sauran, don saba ta iya ɗaukar ram mai yawan gaske ba tare da ta rikice ba. Furosesar da ke cikin taka ba ta san wannan hanyar magana ba, kai tsaye ta iya. Ta yi kira ba a amsa mata yadda ta sani ba, sai ta tsaya cak ta fara ƙara.

Dalilin araharsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sauke tsofaffin sabobinsu gaba ɗaya, ram ɗinsu ya fito kasuwa buhu-buhu, masu buƙatarsa kuma kaɗan ne. Lafiyarsa ƙalau, ba jabu ba ne, a inda aka yi shi domin wurin zai yi shekaru yana aiki. Araha ba ta ado, in ji mutanen da, amma su ma ba su hango wanda zai sayi kayan banki ya kai shagon fotokwafi ba.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa a saƙon murya har sau nawa: ai ya shiga ramin daram, har ƙullen ya yi ƙas. Ya shiga mana. Nan ne tarkon yake. Dubi gefen ram ɗin mai ruwan zinariya, haƙora ne jere, da wushirya guda a tsakaninsu. An yi wushiryar ne don kada a sa wani zamani a ramin wani. DDR2 da DDR3 duk haƙora 240 gare su, amma wushiryar ba wuri ɗaya take ba. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 ya biyo a 2014 da haƙora 288, DDR5 da ya shigo kwamfutocin tebur a 2021 shi ma 288 ne, nan ma an gusar da wushiryar. Wannan kariyar ta isa ta hana mai ƙarfin hannu ɓarna, in dai bai ɗauko guduma ba. Amma mai R da mai U na DDR3 wushiryarsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Rami zai karɓa, madabod, wato babban faifan da ramukan ke kai, ya ƙi. Ku Kanawa kullum kuna mana dariya wai ba mu raba "ne" da "ce" a magana. Mun ji. Mu dai muna raba R da U.

Tunda zan sake tura ka kasuwa, bari in toshe sauran ramukan da na san za ka faɗa. Akwai mai L, wato PC3L, wanda ke aiki da wuta bolt 1.35 maimakon 1.5. Yawancin tsofaffin na'urori suna karɓarsa, amma wasu da aka ƙera wajen 2015 da 2016 shi kaɗai suke so. Akwai kuma batun yawan guntaye: na'urorin zamanin Core 2 Duo sukan karɓi giga 4 mai guntaye 16, takwas gaba takwas baya, su ƙi giga 4 mai guntaye 8 kacal, alhali a takarda duk giga 4 ne. Kowane madabod kuma da iyakar abin da rami ɗaya ke ɗauka. Lambar samfurin na'urarka na nan a manne a jikin akwatin. A sa ta a intanet, kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta komai. In ka haɗa mai sauri da mai nawa, duka za su bi tafiyar mai nawan, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Na laftof kuwa gajere ne, ko kai ba za ka ruɗe ba. Ina fata.

Yanzu ga abin da za ka yi yau, kafin la'asar. Zare wayar wuta daga bango, ba kashe makunni kawai ba. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe na ɗan lokaci don ragowar wutar ciki ta fita. Sannan ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Kada ka raina wannan. Ka san yadda a hunturu in ka cire rigar sanyi a duhu take tartsatsi, ko ka kama ƙofar mota ta ɗan ja ka? Wannan 'yar wutar da ba ta kashe ko sauro ta isa ta lalata ram, kuma busasshiyar iskar hunturu ita ce gonarta. Riƙe ram ta gefe, kada yatsa ya sauka kan haƙoran.

Cire baƙon gaba ɗaya. Mayar da tsohon shi kaɗai a rami na farko, ka danna gefe biyu har ƙullen ya rufe da kansa. Kunna. In ta tashi, magana ta ƙare, ka je ka ba yaron shago haƙuri, da maƙwabcinka, da janareta. In ba ta tashi ba, kada ka yi kururuwa tukuna, don na ga cikin akwatin nan a hoto, kuma ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gyaɗa. Shago a bakin titi, ƙofa a buɗe, ga hazo ga ƙaiƙayin sussuka a kaka, dole ne. Samo kilinar fensir mai tsabta ka goge haƙoran a hankali har su yi haske, ka kakkaɓe ɓurɓushin, ka busa ramin da abin hura iska. Ban ce da baki ba. Yawun goro ba ya cikin kayan gyara. In har yanzu shiru, gwada shi a rami na biyu. Ɗaya-ɗaya ake yi, ram ɗaya, rami ɗaya, a kunna a gani. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko ta tashi bai san me ya gyara ba, gobe kuma sai ya sake kirana.

Akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo a kwance kan madabod, CR2032, bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin na'ura in an ɗauke wuta. Cire shi na 'yan mintuna ka mayar, sai madabod ya manta duk saitin da ya rikice ya koma yadda ya fito daga kamfani. Kuma tunda tokumbo ce mai shekaru fiye da goma, saya mata sabo kawai. Ka tuna kukan da ka yi mini cewa kullum da safe kwanan wata na komawa baya, shafukan jarrabawa suna ƙin buɗewa suna cewa ba amintacce ba? Ka ce masu intanet ne ke maka zagon ƙasa. Batirin nan ne. In agogon na'ura ya koma shekarun baya, sai ta ga takardar shaidar shafin ba ta yi daidai da kwanan watanta ba, ta ƙi shiga. Kuɗinsa bai kai na farantin gurasa ba, shi ma na san sai ka taya.

Abu ɗaya ne nake roƙonka da girman Allah, nan ba wasa. A bayan wasu tsofaffin akwatunan, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai ɗan jan makunni mai 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Na farkon na wutar Amurka ne. Tamu 230 ce. In hannunka mai ƙaiƙayi ya tura shi 115 ka jona, za ka ji fas, ka ga hayaƙin da ba kai ka kawo garwashinsa ba. Bar shi inda yake.

In an samo mai U an sa, na'ura ta tashi, ka duba ta nuna maka giga uku da 'yan kai, kada ka hau mota ka koma birni da sanda. Duba Windows ɗin da ke kai. In mai bit 32 ne, ba ya iya amfani da abin da ya wuce giga 4 ko da ka cika ramukan duka. Sai an sa mai 64. Da sabon ram da tsohon, in madabod mai rami huɗu ne, a sa su a ramuka masu launi ɗaya.

Saura komawa wurin mai kwali, kuma wannan ne kaɗai ɓangaren da nake baƙin cikin ba zan gani da idona ba: Bakano zai mayar wa Bakano kaya. Tafi da akwatin gaba ɗaya, a ɗaure a bayan babur ko a rungume a cikin mota daga Rimin Gado har Kabuga, a sa ram a gabanka, a kunna, ka ga allo ya kawo kafin ka zaro ko sisi. Ka ce masa mai U kake so, ka faɗa da ƙarfi kamar ka daɗe da sani, ba sai ka ambaci sunan ubangidanka ba. Ladan karatuna kuwa gero ne, na bana, ba ragowar na bara da ke gindin rumbu ba, kuma da kwanon Zariya za a auna.

In mai kwali ya rantse ya ƙi karɓar ram ɗin, kada ka jefar. Goge shi, sa shi a leda, ajiye a gaban shago inda rana ke haska haƙoran. Kafin watan gobe wani Bakanon zai zo ya tambaye ka nawa.