Ranar da Ustaz Ya Raba Surukinsa da Salla

Mai wannan shafi malamin Turanci ne a Gadarif, kuma zai ba da labarin nan kamar da wani abin ya faru, domin har yanzu bakinsa ya ƙi furta "ni". A unguwa Ustaz ake ce masa. A bar shi a Ustaz ɗin.

Shekaranjiya ne, kakar riɗi ta kankama. Tun shekarun 1940 da aka fara noma da tarakta a baƙar ƙasar wannan yanki, dawa da riɗi ne ke juya garin, shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna ba a yanke shi ba, sai kwanson ya tsage ya zubar da 'ya'yan. Motoci sai kwararowa suke kasuwar amfanin gona, ana awo da kantari, dillalai na ta ihu. Cikin masu saye akwai wani dattijo Baturke, Larabcinsa bai wuce na salla ba, amma Turanci a bakinsa kamar ruwa. Lodin surukin Ustaz yake jira, wato Alhaji, jikan Hausawan nan da suka taso da niyyar Makka, Allah Ya ajiye su a Sudan. Ana neman tafinta, ga kuma mijin 'ya mai karatu. Magana ta ƙare.

Motar ta makara. Da ta iso, Baturke ya tambayi dalili. Alhaji ya sauko yana kaɗe ƙura, ya ce, "Faɗa masa mun tsaya salla a Doka."

Ustaz ya sunkuyar da kai yadda ya kamata a gaban suruki, ya gyara murya, ya ce: "He stopped praying."

A dakata nan tukuna, domin wanda bai san ramin ba ba zai gane zurfin faɗuwar ba. Bahaushe in ya haɗa aiki biyu a jimla, sai ya nuna mai yin na biyun: ina so in tafi, ina so ka tafi. Bature kuwa 'yar kalmar "to" yake saƙalawa a tsakani: "I want to go", "I want you to go". Haka "decide", "promise" da "hope" suke, duk sai da ita. "Make" da "let" ba sa shiri da ita, shi ya sa ake cewa "let him go". Su "enjoy", "finish" da "avoid" kuma wutsiyar "-ing" suke so. "Begin" ba ruwanta, kowanne aka ba ta karɓa take, ma'anar ba ta motsi.

Sai kuma 'yan tsirarun nan masu fuska biyu. "Remember to lock the door" na nufin ka tuna ka kulle ƙofa, aikin yana gabanka. "I remember locking the door" na nufin na tuna na kulle ta, aikin ya wuce. Babbar muguwar cikinsu ita ce "stop". Inda Hausa ta ware kalma biyu, tsayawa daban, dainawa daban, inda Larabcin Sudan ma ya raba "wagaf" da "khalla", Turanci ya cusa su a buhu ɗaya. "Stopped to pray": ya tsaya ya yi salla. "Stopped praying": ya daina salla.

Ustaz ya san wannan. Shi ke koyar da shi. Ko ranar Talatar da ta wuce sai da ya cika allo da shi. Sai dai Turancin Gadarif ɗan aji ne, ba ya fita kasuwa. Tun da aka mayar da karatun sakandare cikin Larabci a 1965, na jami'a ya biyo baya a 1990, yaro na nan Hausa yake yi a gida, Larabci a titi, Turanci kuwa sai an kaɗa ƙararrawa. Shi kuma harshen Ustaz ya shekara goma yana daka wa yara tsawar "Stop talking!" Da ya ji "stop" ta fito, sai ya bi hanyar da ya saba, kamar jakin da ya san gida.

Fuskar Baturke ta sauya. A hankali ya ce, "When?"

Ga ƙofar tsira a buɗe. Ustaz ya sa ƙafa ya rufe ta. "Today," in ji shi, cike da alfahari. "Two o'clock. In Doka."

Baturke ya dubi Alhaji. Ya dubi farin gemu. Ya dubi tabon sujada da ke goshinsa, wanda ya yi baƙi ƙirin tun kafin a haifi Ustaz. Mutumin da ya hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda ba sau ɗaya ba, wai shi ne yau da ƙarfe biyu na rana, a bakin hanyar Gallabat, ya yanke shawarar ya gama da Ubangijinsa. Idon baƙon ya kawo ruwa. Ya laluba aljihu, ya zaro carbi, ya kamo hannun Alhaji ya damƙa masa, yana ta istigfari.

Alhaji ya ɗauka tukuicin kyawun riɗi ne. Ya ce, "Madalla. Ka ce masa na gode, amma ya riƙe abinsa, nawa ma sun yi mini yawa."

Ustaz, gwanin taƙaitawa: "He says he does not need it."

Baturke ya dafe ƙirji.

Daga can saman buhuna sai wata murya ta sauko. Ƙanin matar Ustaz ne, ɗan shekara 14, ɗalibinsa, mai zama a bencin gaba. "Baba," in ji shi, cikin ladabin da bai taɓa nunawa a aji ba, "Yaya Ustaz ya ce ka daina salla." Ya ɗan saurara don kowa ya ji daɗin maganar. "Yau. Da ƙarfe biyu. A Doka."

Wannan shirun ne ke hana Ustaz barci. Ɗan dako ya ƙame da buhu a baya. Mai awo ya saki sikeli. Jakin wani amalanke ma ya waiwayo. Alhaji bai dubi mijin 'yarsa ba, dama suruki ba ya yin haka, sai ya dubi carbin da ke tafinsa ya ce, "Ikon Allah." Kalma biyu. Da mari ne da ya fi sauƙi.

Ustaz ya yi wuf zai gyara. "He stopped for to praying... he stopped to praying..."

"Stopped to pray, Ustaz," in ji na saman buhu. "Darasin ranar Talata."

Baturke ya yi dariya har ya zauna a kan buhu, sannan ya tashi ya rungume Alhaji. Carbin kuwa ya ƙi karɓa.

Ustaz ya lallaɓa gindin bishiya wurin mai shayi, ya nemi jabana, wato gahawa, mai citta da yawa ko zai farfaɗo. Nan wani tsohon ɗan dako ya same shi, wanda ya ce shi ma ya san Turawa, domin ya ga ƙeyarsu da idonsa kafin su tafi a 1956.

"Ɗana, me ka rasa a maganar?"

"Wata 'yar kalma ce, Baba. Tu."

"Tu ko to?"

"A rubuce dai to ce."

Tsoho ya ajiye kofi ya tafa hannu. "To! Ashe rashin tarbiyya ce, ba rashin Turanci ba. Mu tun muna yara ake koya mana ita. Babba ya yi magana, ka ce to. An aike ka, ka ce to. Ka tsaya gaban surukinka ba ka ce to ba, ina za ka ga daidai?" Ya ƙara da cewa a riƙa cin riɗi da zuma kafin fitowar rana, yana sakin harshe, kuma Turanci da hanci ake yinsa, shi ya sa na Turawa ya yi tsini. Mai shayi ta ce duk gaskiya ne. Tsohon kuma ya sha kofi biyu a kuɗin Ustaz.

Da magariba Ustaz ya shiga masallaci ya maƙale a sahun ƙarshe, bayan ginshiƙi. Ana shirin tayar da iƙama sai Alhaji ya waiwayo daga sahun farko, ya matsa gefe, ya buɗe wuri, sabon carbi na lilo a hannunsa.

"Malam, matso nan kusa da ni. Ka gani da idonka, gobe ka kai wa baƙon naka labari."

Ustaz ya ce, "To."