Injiniyoyin Dole: Ranar da Lasifika Ta Yi Gum

Akwai wani irin shiru da ba a samunsa ko a zauren jarrabawa, sai a ɗakin taro. Shi ne shirun da ke biyo bayan "To jama'a, a saurara." An rage fitila, majigi ya haske bango, an danna bidiyo. Ga mutum nan a bango, baki na motsi, hannu na ta bayani, amma ko tarinsa ba a ji. Lasifikar da aka aro aka girke a gaba kamar amarya, ta ƙi cewa uffan.

Na ga haka a taron bita, na gani a ɗakin malamai, na gani a gidan biki. Na baya-bayan nan shi ne a taron ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai a Kano, inda muka hallara don jin jawabin wani ɗan ajinmu mazaunin ƙasar waje da ya ɗora mana a YouTube. Abin da ya ɗaure kai, lasifikar lafiyarta ƙalau. Kafin a buɗe taro, da ita aka saka karatun da ke ajiye a cikin kwamfutar, har maƙwabta suka ji. Sai da aka shiga intanet ta burauza sannan ta yi gum.

Cikin minti biyu, ɗakin da ke cike da malaman makaranta da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati ya koma ɗakin injiniyoyi zalla. Ga su nan ɗaya bayan ɗaya, don duk taron da ka je, su ne dai.

Sarkin Murɗa

Shi ne na farkon tashi. A fahimtarsa sauti bai ɓace ba, kunya yake ji, sai an ɗan matsa masa. Ya murɗe maɓallin lasifika har ya tsaya, ya kai na kwamfuta 100, ya koma bayan lasifikar ya murɗe duk abin da ke murɗuwa. Shiru. Can wani ya zare filash ɗinsa daga jikin kwamfutar, sai ƙarar nan da Windows ke yi in an cire abu ta fito kamar tsawa. Hajiya Ma'aji ta saki waya ta rafka salati, wani dattijo ya farka daga gyangyaɗi yana tambayar ko an tashi.

Wannan ƙarar fa shaida ce babba: lasifika na da rai, waya na da rai, kwamfuta ta san hanyar lasifika. Saura a tambayi burauza. Amma kowa na sosa kunne, ba wanda ya lura.

Mai Duka da Hura

Wannan gadon zamanin rediyo mai batir da kaset ya ɗauko, lokacin da ake naɗe zare da biro, ake farfaɗo da talabijin da mari. Ya zare bakin wayar nan mai milimita 3.5, ya hura masa iska, ya goge a gefen rigarsa, ya mayar, ya jujjuya, ya kasa kunne. Daga nan ya ba lasifika mari biyu a kafaɗa.

Kada a raina shi gaba ɗaya. Sau da yawa bakin wayar ne bai shige duka ba. A manyan kwamfutocin tebur kuma, mutum kan cusa wayar lasifika a rami mai ruwan hoda, na makirufo, alhali koren ne nata. Sai dai a ranar, lasifikar da yake mari ita ce ta gama tsorata Hajiya yanzun nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Malam Kashe-Ka-Kunna

Magani ɗaya gare shi, kuma da shi yake warkar da waya, firij, janareto, har da mota. "A kashe ta a kunna." Ba ya ɗaga murya, ba ya gardama, yana zaune ya harɗe ƙafa yana jiran a gaji a dawo kansa.

Gaskiyar magana, maganinsa na ci sau da yawa. Idan an buɗe burauza kafin a jona lasifika, wani lokaci takan riƙe tsohuwar hanya, rufewa da buɗewa kuma ya isa ya dawo da ita hayyacinta. Muka bi shawararsa. Kwamfuta ta ga dama ta samu, ta ce sai ta sabunta kanta, kuma kada wanda ya kashe ta. Muka zuba wa bango ido muna ƙirga kashi nawa cikin ɗari ya rage kamar masu jiran sakamakon zaɓe. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da ta dawo, bakin ɗan ajinmu ya ci gaba da motsi a banza, domin abin da aka saita wa Windows da gangan ba ta mantawa don an kashe ta.

Mai Zargin Sabis

"Sabis ne," in ji shi, tun daga kujerar baya. Ya taso da wayarsa ya ce a bar intanet ɗin da ake kai, a hau nasa. Ya je bakin taga ya ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata. Ƙaninsa a wannan aƙida ma cewa ya yi wataƙila datar sauti ce ta ƙare, ta hoto ta rage.

Hoto da sauti ta hanya ɗaya suke zuwa, kuma hoton ne mai cin data. In sabis ya yi rauni, hoton zai dishe ko ya tsaya yana juya zobe. Mu kuwa hoto tangaran, har furfurar gemun ɗan ajinmu muna iya ƙirgawa. Da aka gaya masa haka, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai sabis ɗin yanzu sai a hankali." Ya koma ya zauna, bai ci ba, ba a cinye shi ba.

Tsohon Hannu

Ya koyi kwamfuta zamanin da ake biyan kuɗin awa a kafe, lokacin Windows XP, kuma a can iliminsa ya yi fakin. Ya gyara tabarau ya ce, "Ai sai an saka mata Flash." Nan take mutum uku suka miƙo filash daga aljihu. Ya ce ba wannan ba, wata manhaja ce. Ya yi gaskiya, an yi zamanin da bidiyon intanet ba ya tashi sai da ita. Amma YouTube ta daina dogara da ita tun 2015, kamfanin Adobe da kansa ya yi mata sallama a ƙarshen 2020. Da ya ji haka sai ya yi tsaki ya ce kayan da sun fi ƙarko, ya shiga ba na kusa da shi labarin wata Nokia da ta faɗa masa a rijiya ta fito tana ringin.

Injiniya Fomatin

Duk sauran ɓata lokaci suke yi, wannan shi ne mai haɗari. Yana da filash a jikin makullin babur, yana da kalmomi. Ya ja kujera ya karɓe kwamfutar ba tare da an ba shi ba, ya leƙa nan ya leƙa can, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya faɗuwa.

"Ranka ya daɗe, direba ne ya tafi."

Wani Alhaji ya ce, "Wane direban? Nawa dai yana waje a mota."

Direban da yake nufi wata 'yar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da na'urar sautin da ke cikin kwamfuta, wadda a laftof da dama ta kamfanin Realtek na Taiwan ce. Direba na lalacewa, ba ƙarya ba ne. Amma in ya tafi, da sautin duka yake tafiya, ba ya zaɓen burauza ya bar sauran. Da aka kawo masa wannan hujja sai ya canza sheƙa ya ce to bairos ne, a ba shi minti talatin ya yi mata fomatin, in ta ƙi a kai ta Titin Beirut gobe. Wato a share takardun shekara da shekaru da hotunan biki saboda jawabin minti goma. Garin neman gira a rasa ido.

Mai Ɗan Yaya a Jami'a

Shi bai san komai ba, kuma ya yarda bai sani ba, wannan kaɗai ya ɗaga darajarsa. Ya buga wa ɗan yayarsa mai karatun kwamfuta waya, ya zama tafinta.

"Ya ce wace Windows ce?"

"Ce masa HP ce."

"Ya ce ba wannan ba."

"To ce masa baƙa ce."

Abin takaici, yaron nan duk tambayoyinsa a kan hanya suke. Ya ce a duba alamar lasifikar da ke ƙasan bidiyon, don a YouTube harafin M kaɗai in hannu ya taɓa ya isa ya toshe sauti. Ya ce a danna dama na maus a kan sunan shafin, can sama, a ga ko an toshe bakin shafin, don tun 2018 Chrome ke da wannan dama, kuma shafin da ka toshe yau, gobe ma a toshe za ka same shi. Ya tambaya da wace waya aka jona majigi, domin HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare, takan janye sautin ta kai wa majigi, ita kuwa tsohuwar shuɗiyar nan mai suna VGA hoto kawai take kaiwa. Kafin maganar ta fito daga bakin kawu, ta zama "Ya ce a danna wani abu a sama." Yaron na shirin faɗin ta ƙarshe kati ya ƙare.

Shugaba

Ba ya taɓa kwamfuta, matsayinsa ya wuce nan. Yana tsaye a baya, hannu a goye, duk minti ɗaya sai ya ce, "Ya ake ciki?" Ya ba da umarni a kara wayar wani a bakin makirufo, lasifika ta yi wani irin kuka mai shiga haƙori, aka janye. Ya ce a taro na gaba za a kafa kwamitin na'urori. Sannan ya furta maganar da kowa ke tsoro tun farko: "Kafin su gyara, bari in ɗan ce wani abu." A nan muka gane cewa shiru ma rahama ne.

Mai "Ni Ban Taɓa Komai Ba"

Wannan shi ne mai kwamfutar. Tun da aka fara yake rantsuwa: jiya-jiyan nan ta yi, shi bai taɓa komai ba, wataƙila yara ne. Na san shi farin sani, domin ni ne.

Ana tsakiyar jawabin Shugaba, yaron da ke raba ruwa ya sunkuyo kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Baba, akwai mai magana a cikin jakarka."

Na buɗe jaka. Ga iyafis ɗina na Bluetooth, irin wanda ake ratayawa a wuya, fitilarsa na ƙiftawa, muryar ɗan ajinmu na fita siririya kamar ta sauro, yana ta godiya ga caja da littafin rasit. Sai abin ya dawo mini. Daren jiya, don kada in tashi mutanen gida, na shiga saitin sauti na ce wa Chrome ita ta riƙa bi ta iyafis. Windows ta daɗe da ba kowace manhaja nata ma'aunin ƙara, tun Vista a 2007, daga 2018 kuma ta ƙara da cewa kowacce na iya samun tata mafitar daban. Ni na ba burauza wannan umarni, ita kuwa ta riƙe amana. Bluetooth na kaiwa kimanin mita 10, jakata kuma tana ƙarƙashin tebur.

Na danna dama a kan alamar lasifika da ke kusa da agogo, na buɗe mahaɗar sauti inda manhajoji ke jere, na mayar da burauza kan mafitar kowa da kowa. Da yake Sarkin Murɗa bai sauke abin da ya murɗe ba, "Assalamu alaikum" ta ɗan ajinmu sai da ta girgiza gilashin taga. Hajiya ta sake salati.

Aka yi tafi. Malam Kashe-Ka-Kunna ya ce ai maganinsa ne ya fara aiki sai yanzu. Injiniya Fomatin ya ce dama ya faɗa matsalar daga ciki take. Shugaba ya gode wa kwamitin da ba a kafa ba. Yaron ruwa kuwa aka ce ya yi sauri, layin baya ba su samu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni dai na yi shiru, don laifi tudu ne, kuma ranar a kan nawa nake tsaye.

To mai karatu, ranar da lasifikarka ta yi gum, fara da tambaya ɗaya: wani abu daban yana fita ta lasifikar? In yana fita, ka ƙyale waya da direba da sabis, ba su da laifi. Bi sautin ƙofa-ƙofa daga inda ya taso: maɓallin bidiyon, bakin shafin, ma'aunin burauza a mahaɗar sauti, sannan mafitar da aka ba ta. Ka bar bidiyon yana tafiya lokacin da kake dubawa, don burauzar ta bayyana a jerin. Ka kashe iyafis kafin ka baro gida. Kuma ko da wasa, kada ka bar mai filash a jikin makulli ya zauna a kujerarka.