Filin Rawar Aljanu a Tsakar Gidana

Laifin tele ne. Ina kallon Mena tana buga ƙwallo a filin Seyni Kountché na Yamai, sai idona ya bar 'yan wasa ya koma kan ciyawa: koriya shar, babu ƙarangiya ko ɗaya. Na rantse sai an yi irinta a gidana na Dogo, tunda albarkacin kwarin Korama ruwan rijiya bai yi mana nisa ba.

Uwargida ta ce, "Malam, mutane na biyan kuɗi a nome ciyawa, kai za ka biya a dasa?" Ban tanka ba. Na sa yara suka ciro mini ƙiri-ƙiri daga fadama, na dasa, na zuba takin yuriya ba awo. Ban-ruwa kuwa sai bayan lisha, wai kada rana ta sha mini rabo. Ciyawa ta yi kyau har maƙwabta na leƙe ta kan darni.

Cikin Agusta, da damina ta kankama, sai ga wata da'ira ja-ja a tsakiya, faɗinta bai wuce faifai ba. Da asuba ana ganin wani farin zare-zare a bakinta. Na ce yunwa ce, na ƙara yuriya. Ta zama tabarma. Inna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta zo ta duba, ta ja da baya: "Ɗan nan, a kan filin rawarsu ka yi shuka." Aka yi hayaƙin habbatus-sauda. Ni kuma kullum da safe nakan shiga cikin da'irar in tattaka, in fito in zagaye sauran filin ina sintiri. Na kira yaro da lauje ya aske wurin da ya lalace, ya zarce da laujen nan ya gyara mai lafiya, muka baza yankakkiyar ciyawar ko'ina don ta zama taki. Kafin Juma'a ta zagayo, aljanu sun buɗe rassa har bakin madafa.

Wani malamin gona da ya biyo ta ƙofar gida ya durƙusa, ya ja ganye ɗaya, ya zare salin-alin, gindinsa ruɓaɓɓe. "Baba, funfuna ce, dangin burtuntunar dawa." Ya ce tana kwance cikin ƙasa da matacciyar ciyawa, tana jiran dare mai ɗumi da ganyen da zai kwana a jiƙe awa goma ko fiye. Daga nan zarenta ke miƙawa daga ganye zuwa ganye ta kowane ɓangare, shi ya sa take yin da'ira. Yuriya mai yawa na sa ganye ya yi taushi, ta ji daɗin ci. Nesa kuwa ba ta iya zuwa da kanta, sai an ɗauke ta: fantsamar ruwa, bakin lauje, tafin takalmi.

Ya dubi ƙafata. Uwargida ma ta dubi ƙafata.

"To Inna," in ji ta da ƙarfi ta kan darni, "an kama sarkin aljanun, silifa gare shi!"

Shawararsa: ban-ruwa da sassafe, a rage taki, a wanke lauje, a kwashe yankakkiyar ciyawa. Ban samu damar gwadawa ba, don a daren nan ragon layya ya tsinke igiya ya gama da abin da funfuna ta rage. Yanzu kuɓewa ake shanyawa a wurin. Mai son lauje, akwai na sayarwa, amma ya zo da sabulunsa.