Sabon Mai Gudu, Ba Kura Ce Ta Biyo Ka Ba

Ka sayi kambas, ka sanar da mutanen gida cewa daga gobe bayan sallar asuba gudu za ka fara. Madalla. To in ka fita, ka tuna babu abin da ya koro ka. Sabon shiga yakan ɓalle daga ƙofar gida kamar an ce gobara, kafin ya kai bakin titi ya dafe gwiwa yana haki, mai shayi na tambayarsa ko lafiya.

Ga ma'auni mai sauƙi. In maƙwabci ya ce maka ina kwana, ka amsa kana gudu, har ka tambaye shi gajiya da iyali numfashi bai yanke ba, saurinka ya yi daidai. In kuwa hannu kawai ka iya ɗaga masa, rage. A makonnin farko ka riƙa surkawa da tafiya: gudun minti 1, tafiyar minti 2, har minti 20, sau uku a mako.

Inda nake jiye maka tsoro shi ne mako na huɗu. Zuciya da huhu suna da saurin sabo, sai ka wayi gari kana jin kanka barewa. Ƙashi da jijiya kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Huhu na cewa a ƙara, ƙwauri bai ma ji sanarwar ba. A nan ake kwaso ciwon ƙwauri, da na gwiwa, da na agara, a koma zaman tabarma ana shafa man zafi. Don haka in kilomita 10 ka yi a wannan mako, na gaba kada ya wuce 11. Kada kuma ka ƙara nisa da sauri a mako guda. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, amma zafin da ya tsaya wuri ɗaya har ya sa ka ɗingishi, wannan tsayawa ake yi a ga likita, ba a nuna masa jarumta.

Sauri fa? Bari sai ka yi wata biyu kana fita. Sannan sau ɗaya a mako ka zabura daga wannan turken lantarki zuwa wancan, ka taka a hankali zuwa na gaba, kamar sau shida. Eliud Kipchoge da ya cinye kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Berlin a 2022, tun a 2003 ya taɓa zama zakaran duniya a tseren mita 5,000, kuma yawancin atisayensa a natse yake yi.

Za ka haɗu da mai ce maka Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci zinare a Rum a 1960. Gaskiya ne. Ka ƙara masa da cewa a Tokyo a 1964 da takalminsa ya sake ci, kuma titinmu akwai ƙusa da fasasshiyar kwalba. Ka gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar faɗin babban yatsa a gaba.

A zafin Afrilu ka gama kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa. In ka cika ciki da tuwo, ba shi awa biyu. A titi kuma ka bi gefen da kake fuskantar ababen hawa, don ka ga mai adaidaita sahu tun kafin ya gan ka.