Taubashina na Dapaong Ya Kama Mota Guda, Ya Tafi Cin Zabo

Labari ya iso Sokode, kuma ba ta bakin maƙiyi ba. Wai ɗan gwaggona na Dapaong ya zama babban mutum: wata jami'ar ƙasar waje ta ba shi izinin shiga gungun kwamfutocinta ta intanet, irin wanda ake jera injuna ɗaruruwa a ɗaki guda su yi lissafi tare, don ya binciki yadda damina ke sauya hali a yankin Savanes. Barka, bawana! Sai dai abokan karatunka sun kawo ƙara, ni kuwa ɗan namiji ne, shari'arka a hannuna take.

Jama'a, ku zo ku ji. Irin wannan inji ba na mutum ɗaya ba ne, shi ya sa ake ɗora masa manhajar rabo. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Slurm, da aka ƙirƙiro a cibiyar binciken Lawrence Livermore ta Amurka a farkon shekarun 2000. Aikinta aikin ɗan kamasho ne a tasha: ka faɗi kujera nawa kake so da tsawon tafiyarka, ta sa ka a layi. Hanya biyu ce. Ko dai ka rubuta aikinka ka miƙa da umarnin sbatch, kamar mai ba direba saƙo, ka kama gabanka, in ka dawo ka tarar da sakamako. Ko kuma ka buga salloc, a ware maka kujera ka shiga da kanka, kana tambaya inji na amsawa nan take. Wannan ta biyun don gwaji da gyaran kuskure aka yi ta: ƙwayar lissafi biyu ko huɗu, awa ɗaya ko biyu, ka sauka wani ya hau.

To, kai fa, Malam mai bincike? Ka nemi ƙwaya 64, da memori gigabait 256, na kwana biyu cur! Aikin kuwa ɗan jadawalin ruwan sama ne da tsohuwar kwamfutarka za ta haɗiye ba ko tari. Shirin da ka rubuta ma ƙwaya ɗaya ya san hanyarta, sauran 63 na zaune suna hamma. Da aka ware maka, ka buga layi uku, ka ce ciki ya kira, ka nufi kasuwa wurin mai gasa zabi. Wato ka kama motar Lome kacokan, ka ajiye hularka a kujerar gaba. Ta bi ta Mango da Kara, ta ratsa dutsen Aledjo, ta wuce mu a Sokode fanko, fasinjoji na tsaye a rana suna kallo.

Da can katsewar intanet ce ke ceton bayin Allah: layi na yankewa, zamanka ya mutu, kujeru su koma hannun jama'a. Sai wani mai neman lada ya koya maka tmux, manhajar da ke riƙe zama ko layi ya yanke. Allah ya yafe masa. Yanzu ko an ɗauke wuta a unguwarku, hularka na nan daram.

Abin da ya fi ba ni dariya, kai ne kuma mai kuka. Wai ana barinka a layi don kai ɗan Togo ne. Haba, taubashi! Ɗan kamasho bai san garinku ba. Mai neman kujera 64 dole ya jira su zama fanko gaba ɗaya, mai neman biyu na awa ɗaya kuwa a cusa shi a ɗan giɓin da ya samu, ya je ya dawo kana nan. Sannan akwai littafin adalcin rabo, kuma abin da ka riƙe ake rubutawa, ko ka mora ko ba ka mora ba. Kowane zabon da ka ci, matsayinka ya ƙara yin ƙasa, har da na 'yan rukuninku da ba su ɗanɗana ko fiffike ba.

Ga shi kayan ba su da yawa a wannan yanki namu. Kodebuwa ta kafa nata babban injin a Bingerville a 2018, Senegal na da Taouey a Diamniadio, Afirka ta Kudu ta ƙaddamar da Lengau a 2016. Mu a Togo cibiyar adana bayanai ta Lome sai 2021 ta buɗe, igiyar intanet ta Equiano ta iso gaɓar tekunmu a 2022. Kuma lissafin nan ba wasan yara ba ne. Lokacin korona, shirin tallafi na Novissi da masanan jami'ar Berkeley sun sa kwamfuta ta nazarci hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan waya, aka ware gundumomi 100 mafiya talauci don tura tallafi. Da irinka ne ke riƙe da kujerun a lokacin, da har yau mutane na jiran saƙon kuɗi.

Ga hukunci. Ka fara da ƙwaya biyu na awa guda. In shirin ya miƙe, ka mayar da shi saƙo, ka miƙa da sbatch, ka je ka cinye zabin Dapaong duka, ba mai cewa uffan. In ka gama zama ka buga exit, ko ka soke da scancel. Daga baya ka duba da sacct ka ga abin da ka ci a zahiri, gobe ka nemi daidai cikinka.

In kuwa ka ƙi ji, watan shara na tafe. Bana da ma'auni zan biya ka: gwargwadon abin da ka share, ba girman tsintsiyar da ka ɗauko ba. A lissafina kashi ɗaya cikin 64 ne, kuma sai ka biyo layi. Ka gaishe mini da Gwaggo, ita ba ruwanta.