Laifin Mai Alƙalami

Tun da Nafisat Abdullahi ta bar shirin Labarina, Fati Washa ta gaje ta a matsayin Sumayya, an gano tushen matsalar duniya: marubuci ne. A unguwar Briqueterie ta Yaounde, mai tsire na juya tsinke da dama, da hagu yana danna waya, yana aika ashar har Kano. Wai an raba masoya. Wai marubucin ba shi da imani. Za a ce ƙauna ce ta jawo. To, mun ji. Amma ko a kasuwar shanu ta Etoudi, in ciniki ya ɓaci, sa ake kushewa, ba a tono asalin kakar dillali. Kuma ran da ci gaban shirin zai fito, gogan naka ne farkon sayen data. Da bashi ma.